Hannun Suruka a Gangaren Ruwan Jamaica

Hajiya Kubura na zaune a falon ɗanta Kabir a garin McLeansville na Amurka tana jan carbi, sai ya zo ya durƙusa gabanta.

"Hajiya, mun yanki tikiti. Za mu Jamaica ni da Suhaila, kwana biyar. Tun aurenmu ba mu yi hanimun ba, wato yawon amarci."

"Hani me? Ka bar ni a dajin nan ka tafi yawon ruwa da 'yar Amurka? To ka ji, Kabiru, watan nan ba zai ƙare ba sai ka zaɓa. Ko ni, ko ita!"

Suhaila na kicin, ta ji komai. Shekara biyu tana haƙuri. Laifinta kawai, a Greensboro aka haife ta, Hausarta tana ɗingishi, kuma Hajiya ta so Kabir ya auri 'yar ƙanwarta ta Kano. Ta share hawaye ta fito.

"Kabir, filis, ka ƙara tikiti ɗaya. Mu tafi da Mama."

Hajiya ta taɓe baki, amma ta bi su.

Tsibirin ya kashe mata baki. Teku shuɗi kamar an rina shi da baba, yashi fari kamar garin tuwo. A Blue Mountains gajimare yana ƙarƙashin ƙafarsu, gonakin kofi sun lulluɓe duwatsu. Ba ta ce komai ba sai "Subhanallah."

Rana ta uku suka je Dunn's River. Ruwa ne ke gangarowa bisa duwatsu hawa-hawa kamar matattakala, yana ruri, har ya faɗa teku. Mutane na hawa a jere, kowa riƙe da hannun na gaba da na baya.

"Hajiya, ki jira mu a inuwa," in ji Kabir.

"Ni da na hau Jabal Rahama da ƙafata? Ba ni takalmin robar nan!"

Jagora, wani Bernard, ya jera su. Kabir a gaban Hajiya, a bayanta wani ƙaton Bature ya miƙo hannu yana murmushi.

"A'uzubillahi! Kabiru, gaya masa ba muharramina ba ne!"

"To Hajiya, dole wani ya riƙe ki ta baya."

Ta duba. Mace ɗaya ce kusa. Ta miƙa wa Suhaila hannu ba ta ko kalle ta ba.

Suka fara hawa. Ruwan sanyi ya daki ƙirji, hijabi ya jiƙe ya yi nauyi. A tsakiya ƙafar Hajiya ta zame, hannunta ya kuɓuce daga na Kabir.

"Innalillahi!"

Suhaila ta dafe dutse da gwiwa, ta rungume ta. Ruwa na dukan bayanta, ba ta saki ba.

"Na riƙe ki, Mama! Taka nan. A hankali. Yauwa!"

Haka suka kai sama, taku ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta zauna tana haki. Ta kalli ruwan yana zuba tsakanin itatuwa, ta kalli teku ba iyaka. Sannan ta ga jini a gwiwar Suhaila.

"Ke, kin ji ciwo kika yi shiru?"

"Ba komai, Mama."

Hajiya ta kwance ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabinta, ta matse shi, ta sunkuya ta ɗaure gwiwar da kanta. Hawaye na bin kuncinta.

"Wanda ya yi wannan ruwa Shi ya haɗa ku. Ni wace ce da zan raba? Kabiru, in ka sa 'yata kuka, da ni kake. Allah Ya yi muku albarka."

Yara, ku riƙe wannan. Haƙuri ba ya ihu, amma shi ke riƙe gida. Kuma kada ku raina hannun da Allah Ya ajiye kusa da ku.