Ɓarawon Da Ya Kaɗa Ƙararrawa

Ƙarfe goma da rabi na safe aka buga wa Sufeto Markovski waya, wai an yi sata a tashar jirgin ƙasa ta Kingston da ke birnin Canberra. Bai sha wahalar zuwa ba, don yana cikin tashar, riƙe da gasasshen sosej a burodi, albasa na zubo masa a riga. Ranar hutunsa ce. Shi ma ya zo ganin sabon jirgin da zai tashi zuwa Sydney da ƙarfe sha biyu.

Mutanen Canberra sun sha jira. Tun Markovski yana firamare ake musu alkawarin jirgi mai gudu, duk zaɓe a zana musu shi a takarda, zaɓe na wucewa a naɗe takardar. Yau ga shi tsaye, fari ƙal, ana shafa shi da hannu. Har waɗanda ba sa ga maciji da juna a ofis sai washe baki suke yi.

Mutum ɗaya ne ba ya dariya, wato Mista Pruitt, shugaban bikin. Ya ja Sufeto zuwa ɗakin jira, ya nuna masa wata tsohuwar na'ura ta ƙarfe mai ƙararrawa a ka.

"An ɗauke sandar, Yallaɓai! A nan take. Ita Minista zai ɗaga a ɗauki hoto."

Sanda ce ta tagulla, tsawonta kamu ɗaya. A da, inda layin dogo yake guda ɗaya tak, direba ba ya shiga sai an miƙa masa ita a hannu. Tunda ita kaɗai ce, jirage biyu ba sa haɗuwa a hanya. Yanzu kwamfuta ta karɓi aikin, sanda ta zama kayan kallo.

"Kyamara fa?" in ji Sufeto.

Pruitt ya ɗaga kai, ya sunkuyar. Da hannunsa ya rataya balan-balan a gaban kyamarar.

"Amma ina bakin ƙofar nan tun safe, ko nan da can ban je ba," ya ce. "Mutum ɗaya na ga ta fito, Kirra Tuckwell, direbar jirgin. In sandar ba ta fito ba kafin sha biyu, wani zan sa ya tuƙa."

Sufeto ya sami Kirra a gaban jirgin tana goge gilashin da ba shi da datti. Shekara uku tana horo saboda wannan rana.

"Me ya kai ki ɗakin jira?"

"Ruwa na je sha."

"Kin ga sandar?"

"Ban lura ba, Yallaɓai."

"Kin ga wani?"

"Ban ga kowa ba."

Ta amsa da sauri fiye da kima, idonta kuma ya kai kan benci inda wasu tsofaffin ma'aikatan jirgi uku ke zaune. Sufeto ya ji tausayinta. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba ko kaɗan, kuma a fili yake ba kanta take karewa ba.

Ya koma wajen Bev mai sosej, wadda teburinta ke jikin tagar ɗakin jira.

"Ka dawo ƙari ke nan, acici?"

"Aiki ne, Bev. Pruitt yana bakin ƙofa tun safe?"

"Wa? Wancan? Rabin awa ya yi a bayan rumfata yana karanta wa kwandon shara jawabinsa. Har tafi ya yi wa kansa."

"Kin ji wani motsi a ɗakin?"

"Ƙararrawa dai na ji, wajen goma da kwata. Ƙwal, sau ɗaya. Aka yi shiru. Sai kuma sau huɗu a jere. Na ce wane ne wannan mara aikin yi."

Sufeto ya tsaya da tauna. Shekara ashirin da shida yana kama ɓarayi, bai taɓa jin wanda ya kaɗa ƙararrawa kafin ya yi sata ba. Ya tambayi wani ma'aikacin tasha, aka ce masa ai dokar zamanin da ce. Mai ba jirgi hanya ba ya zare sanda daga na'urar sai ya kaɗa wa tashar gaba ƙararrawa ya nemi izini, kuma kowane irin jirgi da nasa bugun.

Sha ɗaya da rabi ta wuce. Ya nufi bencin tsofaffin.

Biyu suna sanye da 'yar shara saboda zafi. Na tsakiya, Des Hanrahan, ya zuba katon kwat na ulu, yana cin kek da hannun hagu, hannun damansa a miƙe sambal kamar na soja.

"Baba Des, sanyi kake ji?"

"Tsufa ne, ɗan nan. Za ka zo wurin."

"Hannun fa?"

"Sanyin ƙashi."

"Ka shiga ɗakin jira yau?"

"Ni? Me zan yi a can? Shekara arba'in da ɗaya ina kallon na'urar nan, ta ishe ni."

Sufeto ya zauna a gefensu, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji.

"Ai mun ma gane bakin zaren. Wani ne da bai san aikin ba. An ji ya buga ƙararrawa uku, sannan ɗaya."

Tsofaffin biyu suka kwashe da dariya. "Uku da ɗaya? Ai wannan na jirgin da ke tsayawa a kowane ƙauye ne, mai ɗaukar madara!"

"To haka ɓarawon ya ɗauki sabon jirginku," in ji Sufeto.

Fuskar Des ta yi ja. Ya miƙe tsaye.

"Ƙarya ne! Huɗu na buga! Huɗu a jere, na jirgi mai gudu! Wa zai buga wa wannan jirgin uku da ɗaya, in ba jahili ba?"

Sai ga sandar tagulla ta sulalo daga hannun kwat ɗinsa, ta faɗi a siminti, tana ƙara.

"Kai, Des, ka ba da mu!" in ji ɗaya tsohon, yana share hawayen dariya.

Kirra ta iso a guje, Pruitt na biye da ita yana haki.

"Kaka! Sai da na ce ka mayar!"

"Jikata ce," Des ya gaya wa Sufeto, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na ɗauka, ita ba ruwanta. Na san kwamfuta ce yanzu, ba na musu. Amma yarinyar nan tun tana rarrafe take wasa a ɗakin aikina. Ta ja jirginta na farko hannu wofi, sanda kuma tana hannun Minista ana hoto? Zuciyata ta kasa ɗauka. Niyyata in miƙa mata a taga in koma in zauna. Ban san zan jawo mata ba."

"A kama shi!" in ji Pruitt.

"Na kama shi," in ji Sufeto. "Kai kuma zan so ka maimaita mini inda ka ce kana tsaye da goma da kwata."

Pruitt ya ce yana ganin ana kiransa a can.

Sufeto ya ɗauki sandar ya juya ta. "Wannan shaida ce, dole a ajiye ta a hannun amana. Baba Des, hannuna da maiƙo, miƙa mata. Kirra, ki dawo mini da ita da yamma."

Kirra ta hau wurin tuƙi, ta zuge taga. Tsohon ya gyara kwat, ya ɗaga sandar da hannu biyu. Ta karɓa, ta karanta sunan layin da ke jikinta da ƙarfi kamar yadda direbobin zamanin da suke yi. Jama'a suka ɓarke da tafi. Minista, da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya fi kowa tafawa.

Sha biyu daidai jirgin ya motsa.

Sufeto ya riƙe gwiwar hannun tsohon. "Mu je ofis, akwai takardar da za ka sa wa hannu."

"Dakata, ɗan nan. Ba a barin wuri sai an ga jar fitilar tarago na ƙarshe."

Suka tsaya tare, ɗan sanda da ɓarawonsa, har jirgin ya sha kwana, jar fitilar ta ɓace. Des ya goge idonsa da bayan hannu.

"Ya wuce cikakke, ba taragon da ya bari a baya," ya ce. "To, yanzu kama ni."