Wayar da Aka Tsinta a Turken Alhaji Mati

Alhaji Mati na Darini ya dawo daga sallar asuba ya leƙa turke kamar yadda ya saba, sai ya tarar da igiyoyi huɗu a yashe, babu shanu. Shanun huɗa ne, ga damina ta kankama. Ƙanensa Hashimu, mai kwana wurinsu, yana kwance cikin jini da sara a ka, yana numfashi amma ba ya magana. Kusa da kwamin ruwa aka tsinci wata babbar waya, tocilarta na nan a kunne.

Da aka taɓa fuskarta sai ga hoton Malam Nu'uman, malamin dabbobin da ke zagaya ƙauyuka yana yin allura. Cikin hotunanta kuwa ga shanun nan huɗu, an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin hantsi maganar ta zama kalma guda a bakin kowa: infoma. A wannan yanki, wanda aka liƙa wa sunan mai kai wa ɓarayin daji rahoto ba kasafai yake kai wa gaban alƙali ba. Allah ya taimaka 'yan sanda suka riga mutane isa gidan Nu'uman, suka kawo shi caji ofis na Batsari. Mutanen suka biyo baya a kan babura, suka cika bakin ƙofa da sanduna.

Hansatu, yayar Nu'uman, ungozoma ce a ƙaramin asibitin Wagini. Da rigar aiki ta iso, takalmi ɗaya ya tsinke. Ta sami Sufeto Almustapha yana yi wa ƙanenta tambayoyi.

"Wayarka ce?"

"Tawa ce, Yallaɓai. An zare ta daga aljihuna ranar kasuwa, yau kwana ashirin."

"Ka kawo rahoto?"

"Ban kawo ba."

"Me ya sa ba ka kulle ta?"

"Hannuna kullum cikin magani da kashin shanu yake. Na gaji da bugun lamba."

"Hotunan shanun fa?"

"Na rigakafi ne. Kowane garke na je ina ɗauka."

"Babu sim a cikinta. Mutane sun ce ka cire ne don kada a ga waɗanda kake kira."

Nu'uman ya ɗago kai. Ya dubi yayarsa irin duban da yake yi mata suna yara in ya fasa tulu.

Sufeto ya ja ta gefe. "Malama, ba zan ɓoye maki ba. Mu biyar ne a nan, mota ta tafi sintiri sai dare. Dattawa sun roƙi mutanen nan, sun yarda su jira zuwa la'asar. In Hashimu ya cika kafin nan, ko la'asar ɗin ba za su jira ba."

Ta ce, "A ba ni wayar in gani."

Hansatu tana da wata ɗabi'a da abokan aikinta ke yi mata dariya a kai: leƙen fuskar wayar mutane. Ba saƙonsu take karantawa ba, jerin manhajojinsu take kallo. Ta daɗe da lura cewa kowa yana jera wayarsa ne kamar yadda yake jera wurin sana'arsa. Hedimasta ya bi nasa baƙi-baƙi kamar rajistar aji. Mai POS ya tara bankuna a layin ƙasa inda babban yatsa zai same su ido rufe. Ita kanta agogo, tocila da lambar direban asibiti ne a ƙarƙashin yatsanta, don naƙuda ba ta sallama.

Ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo. Hoton ƙanenta na nan a baya yana murmushi. Amma abin da ke kan hoton baƙo ne.

"Yallaɓai, wani ya zauna cikin wayar nan. Nu'uman yana tara komai cikin folda uku: Aiki, Gida, Addini. Tun yana yaro ko goruba aka ba shi sai ya kasa ta kashi uku. Dubi nan, an watse su duka."

"Mutum na iya sake jeri."

"Ina manhajar kira? Malamin dabbobi, wanda ake nema dare da rana, ya tura kira shafi na biyu? Ga abin da ke gaba: na tura fim, na ajiyar fayil, na kallo, na waƙa. Wannan jerin masu tura fina-finai ne a kasuwa. Nu'uman ko rediyo labarai kawai yake ji."

Sufeto ya karɓa ya duba. Fuskar wayar na ɗaukar layi biyar. Na sama babu komai, na ƙasa babu komai, an cushe komai a layi ukun tsakiya.

"Wannan ba hujja ba ce," in ji shi.

"Na sani. Ba ni da wata."

Ya dubi agogo, ya ɗauki makullin babur ɗinsa. Ta ƙofar baya suka fita.

Mai tura fina-finai na bakin tashar Batsari ya duba sau ɗaya ya girgiza kai. Ya nuna masu wayoyi uku da ke kan teburinsa, duk a ƙasa yake sa manhajojinsa. "Wannan hannun Yasir ne na Safana. Shi ke farawa da na turawa, ya ƙare da na waƙa. Kamar tsagen gado ne, Yallaɓai, kowa da nasa."

Hanyar Safana ta sha ruwa. Sau biyu Hansatu ta sauka suka tura babur cikin laka, ta yar da takalman ma gaba ɗaya. Duk wanda ya wuce su daga wajen Batsari sai ta dubi fuskarsa, ko yana ɗauke da labarin Hashimu. Ana kiran azahar suka isa.

Yasir na zaune cikin rumfar kwano, wayoyi goma jere a gabansa kamar tsire. Da ganin kaki ya miƙe.

"Ina ka kwana jiya?" in ji Sufeto.

"Asibiti, Yallaɓai. Matata ta haihu. A tambayi kowa, ni na hana masu gadi barci."

"Allah ya raya. Ka san wayar nan?"

Ya juya ta, ya latsa. "Aikina ne. Sai dai ni a layin sama nake sa huɗun nan, don in bi wayoyin da yatsa ɗaya in sun jeru. Wannan an jawo su ƙasa da layi guda."

"Wa ya kawo ta?"

"Irin wannan biyu na taɓa cikin watan nan. Ɗaya ta Jamaluddeen tela ce, ga shagonsa can."

Jamaluddeen ya zaro tasa daga cikin tarin yadi. Tana nan lafiya, cike da hotunan ɗinki, kyamara a kan gaba. Shaidu huɗu suka ce ɗinkin biki ya kwana yi. Suka koma wurin Yasir.

"Ɗayan fa?"

"Ban san shi ba. Ya naɗe fuska da rawani, waƙoƙi kawai ya ce in cika masa. Na ce ina sim, ya ce wannan ta jin daɗi ce."

"Ba ka ga hoton wani a kai ba?"

"Rabin wayoyin da ke zuwa nan hoton wani ne a kai, Yallaɓai. In na fara tambaya sai in rufe rumfa."

Nan zaren ya tsinke. Hansatu ta zauna a kan benci, ƙafafunta duk laka. Inuwar rumfar ta fara miƙewa gabas. Ta tuna ranar da mahaifiyarsu ke jinyar ajali ta kama hannunta ta ɗora a kan na Nu'uman. Ta sake karɓar wayar, ba don tana sa ran wani abu ba, sai don hannunta ya sami abin riƙewa.

Me zai sa mutum ya bar layin ƙasa fayau, alhali nan ne ya fi kusa da yatsa? Mai gona ba ya barin kunyar da ke bakin rijiya ya tafi shuka nesa, sai in wani abu ya tare wurin. Ta karkata wayar ga hasken rana. A jikin murfin ta ga wasu dishi-dishin zane guda biyu sun ratsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, faɗin yatsa, daidai inda layukan nan suke babu komai. Ta shinshina. Warin tsohon tif ɗin taya ne.

"Yallaɓai, ɗaure ta ake yi. Da roba biyu."

"A jikin me?"

Yasir ne ya amsa. "Kan babur. Wasu 'yan acaɓa haka suke yi in ba su da kuɗin mariƙi, su riƙa canja waƙa suna tafe."

Sufeto ya dubi Hansatu. Ya ce, "Ƙanenki yana da babur?"

"Ba shi da shi. Ɗan acaɓa yake ɗauka na wata-wata, ya kai shi garke-garke." Ta tsaya. "Salmanu."

"Kin gan shi yau?"

"Shi ne a gaban ƙofarku. Muryarsa ta fi ta kowa."

Sun shigo Batsari liman na sallame la'asar. Taron ya ninka, an fara jifan kwanon caji ofis. Sufeto bai bi ta baya ba wannan karon. Ya tsaya a tsakiyar mutane ya ɗaga hannu.

"Kafin komai, 'yan acaɓa su tsaya kusa da baburansu."

Cikin goma sha biyu, biyu ne kawai ke da waya a kan babur. Na farko Surajo, nasa mariƙi ne na kanti mai kama waya ta gefe, manhajojinsa a barbaje ko'ina kamar an watsa wa kaji dawa. Sufeto ya wuce shi.

Salmanu ya sa hannu zai cire tasa. "Bar ta," in ji Sufeto.

Tsohuwar waya ce ƙarama mai tsagaggen gilashi, ɗaure da roba biyu. Sufeto ya latsa ta. Layin sama da na ƙasa babu komai, an cushe komai a tsakiya.

"Robar nan ta yi wa wayarka yawa, Salmanu. Har ka ƙara ƙulli."

"Ta saki ne, Yallaɓai. Zafin rana."

"Ƙullin sabo ne."

Ya kwance ƙullin, ya zare ƙaramar, ya zura wayar da aka tsinta a turke. Ta zauna cif. Robobin suka hau kan zanen nan biyu kamar ƙafa a sawunta.

"Alhaji Mati, matso ka gani," in ji Sufeto. Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Malam Nu'uman yana bayan babur ɗin nan ranar kasuwa, aljihunsa a jikin mai tuƙi. Wanda ya zare wayar ya yar da sim, ya kai ta Safana inda ba a san shi ba aka cika masa waƙa. Hoton mai ita bai dame shi ba, amma jerin ya dame shi, don roba na rufe masa sama da ƙasa. Sai ya gyara ta daidai da aikinsa. Shi ya kai malamin turkenka ranar rigakafi, ya ga shanun, ya ga inda Hashimu ke shimfiɗa. Jiya ya kwance ta ya haska turke da ita, ta faɗi cikin kokawa. Da gari ya waye ya tuna hoton malamin ne a kai, sai ya riga kowa ihu."

Alhaji Mati ya dubi Salmanu. "Kai ɗan nan, mi na yi maka? Ba kai na ba damin gero ba bara?"

Salmanu ya dubi hanya, ya ga babu. Ya ce shanun na wani kango bayan Safana, shi da mutum biyu suka kora su can, mota suke jira. Ya ce ba shi ya yi saran ba.

Sandunan da aka ɗauko don Nu'uman suka juya. Da ƙyar 'yan sanda huɗu suka ja Salmanu ciki suka danno ƙofa, Sufeto ya tsaya a bakinta yana faɗa wa mutane abin da ya faɗa masu tun safe: alƙali ne zai yanke.

Sai da dattawa suka janye rabin taron zuwa neman shanu sannan aka fito da Nu'uman. Rigarsa a yage, leɓensa a kumbure. Babu wanda ya iya haɗa ido da shi. Alhaji Mati ya matso ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, wanga abu..."

"Yaya jikin Hashimu?"

"Ya buɗe ido."

"To, alhamdu lillahi."

'Yan acaɓan suka turo babura, kowa na cewa shi zai kai su Wagini, kyauta. Waɗannan bakunan ne ɗazu ke kiran a fito da shi. Nu'uman ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sunkuya ya cire takalmansa ya ajiye a gaban yayarsa.

"Sa, Yaya. Mu taka."