Bidiyon da Ya Tara wa Kaka 'Yan Gaisuwa

A Unguwar Dosa akwai wata yarinya 'yar aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Ba abin da take so kamar tace bidiyo. A makarantarsu Malama Ilham ce ke koya musu kwamfuta. Ita ta nuna musu yadda ake yanke bidiyo, a haɗa shi, a sa masa sauti.

Malama takan ce, "Bidiyo mai kyau shi ne wanda ya taɓa zuciyar mai kallo."

Yarinyar nan ta riƙe wannan magana gam.

A gidansu akwai kakarta, Kaka Hassana, mahaifiyar babanta. Kaka ta sha jinya a asibiti, dangi na kusa da na nesa duk sun sani. Allah ya ba ta sauƙi aka sallamo ta. Ranar wata Asabar da hantsi ta fito tsakar gida da ƙafarta, ba mai riƙe ta. Ta zauna a tabarma tana tsinke zogale.

Murna ta kama yarinyar. Tun Kaka na fitowa ta ari wayar Mama ta fara ɗauka.

Kaka ta ce, "Ke ƙawata, kawar min da abin nan daga fuska. Ko kwalli ban sa ba."

"Kaka, dangi zan nuna wa kin warke."

"To ki ɗauko ni ta inda na fi kyau," in ji Kaka, ta kwashe da dariya.

Yarinyar ta shige ɗaki ta zauna aiki. Da ta kunna bidiyon sai ta ɓata rai. Injin markaɗen maƙwabta ya danne muryar Kaka, ba a jin komai sai ƙara. Sai ta cire sautin gaba ɗaya.

Bidiyo ya yi shiru, ba daɗi. Ta gwada wani kiɗa, ta ji kamar na gidan biki. Ta gwada wani, ya yi sauri da yawa. Can ta samo wani sauti mai sanyi, muryoyi ne kawai suna rerawa a hankali. Ta sha jin sa a wayoyin mutane. Ta ce, "Yawwa, wannan ne."

Ta duba hoton. Ga bokiti shuɗi a bayan Kaka, ga shanya kala-kala a igiya. Idon mutum sai ya tafi can. Ta mayar da hoton fari da baƙi, komai ya kwanta. Ta rage gudun tafiyar Kaka don a ga takunta sosai. Wurin dariyar kuwa, hannunta ya yi rawa lokacin ɗauka, don haka ta yanke shi ta zubar.

A ƙarshe akwai inda Kaka ta ɗaga kai sama. Shirwa take hararo, wadda ke shawagi a kan 'yan tsakinta. Yarinyar ta ga wurin ya yi kyau. Ta sa hoton ya riƙa dushewa daga nan har ya zama baƙi.

Ta kalla daga farko. Sai ga ƙwalla a idonta.

"Ya taɓa zuciya!" in ji ta.

Ta leƙa kicin. "Mama, zo ki gani."

"Hannuna cikin ƙullu yake. Bari in gama."

Amma ta kasa jira. Ta tura shi guruf ɗin dangi, ko kalma ɗaya ba ta rubuta a ƙasa ba. Ta zauna tana jiran yabo.

Ba a jima ba waya ta fara ƙara. Saƙo na farko ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Na biyu ya ce, "Allah ya jiƙanta da rahama." Wani ya ce, "Yaushe ne jana'iza?"

Yarinyar ta yi sororo. Wa ya rasu? Kuma me ya sa ba wanda ya ce komai a kan bidiyonta? Ta ruga kicin.

"Mama, an yi rasuwa a dangi!"

Mama ta saki muciya. "Innalillahi! Wa?"

"Ban sani ba. Ba su faɗi suna ba. Mace ce dai."

Kafin Mama ta wanke hannu, sai ga sallama da kuka. Hajiya Umaima ce, maƙwabciyarsu, da hijabi a karkace. Wani ɗan uwa ya ɗora bidiyon a shafinsa, ita kuma ta gani a wayarta. Mata biyu na biye da ita, ɗaya ɗauke da tabarma.

Hajiya Umaima ta shigo tana cewa, "Ashe Inna lokaci ya yi! Baiwar Allah, mai haƙuri..."

Sai ta yi ido biyu da Kaka, zaune da tiren zogale a cinya. Ta ƙwalla salati ta ja da baya, har takalminta ɗaya ya fita.

Kaka ta ce, "Lafiya, Umaima? Wa ya mutu?"

Hajiya Umaima ta nuna ta da yatsa. "Ke... ke, Inna."

"Ni?" Kaka ta dubi hannuwanta, ta dubi ƙafafunta. "To ni dai ba a sanar da ni ba."

Mama ta karɓi wayarta. Waya na ta ruri a hannunta. Wannan ya kira yana kuka, wancan na tambayar wace maƙabarta. Yarinyar na tsaye jikin bango, kanta ya ɗaure. Ita dai ba ta ce kowa ya mutu ba. To daga ina maganar ta fito?

Ana cikin haka Baba ya faɗo gidan. Daga Babbar Kasuwa yake, ko hula babu a kansa, cefanen ma a can ya baro shi. Da ya ga mahaifiyarsa sai ya nufe ta. Ya durƙusa ya riƙe hannunta.

Da ya samu natsuwa ya ce, "Wa ya tura bidiyon nan?"

Yarinyar ta ce da ƙaramar murya, "Ni ce, Baba. Amma na murna ne. Na nuna Kaka ta warke."

"Zo nan." Ya kunna bidiyon a gabanta. "Sautin nan, a ina kika saba jin sa?"

Ta yi tunani. "A wayoyin mutane."

"In sun sa hoton wa?"

Sai yanzu ta tuna. Duk inda ta ji sautin nan, hoton mamaci ne a kai.

Baba ya ce, "Ga hoto fari da baƙi. Ga ta tana tafiya a hankali. Ba muryarta, ba dariyarta. Ta dubi sama, sai duhu. Kuma kowa ya san daga asibiti take. Ke da wani ne ya turo miki, me za ki ce?"

"Shirwa fa take kallo," in ji yarinyar, hawaye na zubo mata.

"Mu mun ga shirwar?"

Wayar Baba ta yi ƙara. Baffa Rabe ne daga Funtuwa. Shi ɗan Kaka Husaina ne, 'yar biyun Kaka Hassana. Baba ya sa a lasifika kowa na ji.

Baffa Rabe ya ce, "Mun taso, muna mota. Inna ta ga bidiyon. Tun ɗazu take kuka. Ta ƙi shan maganin hawan jininta, ko ruwa ta ƙi karɓa. Jikinta sai rawa yake. Ina jin tsoro, wallahi."

Baba ya ce, "Rabe, ba a yi rasuwa ba! Kuskure ne. Ga Inna Hassana nan zaune lafiya lau. Faɗa mata."

Suka ji Baffa Rabe na bayani da ƙarfi. Sai muryar tsohuwa ta taso cikin kuka. "Ku daina lallashi na! Haka ake yi wa tsoho, a ce masa da sauƙi har sai ya iso. Ni ma na yi wa wasu. Na gani da idona."

Kaka ta fizge wayar. "Husaina! Ni ce Hassana!"

Amma Kaka Husaina kunnenta ya yi nauyi. Ga ƙarar mota, ga layi na yankewa. Ta ce, "Wannan matar gidan ce take kwaikwayon muryarta. Ku ji tsoron Allah."

Aka gwada kiran da ake ganin juna. Hoto ya tsaya cak, ya ɗauke. Aka sake, bai shiga ba. Kaka, wadda ɗazu take zolaya, yanzu ta yi jugum. Ta ce a hankali, "Kada fa a ce ni ce da rai, ita ta tafi."

Yarinyar ta matso kusa da Baba. Ta share hawaye ta ce, "Baba, da ido ta yarda da na farko. Bari in yi wani ta gani. Ɗan ƙarami zai wuce ko layi ba ƙarfi."

Baba ya harare ta. "Wani kuma?"

Mama ta ce, "Ita ta ɓata, a bar ta ta gyara. Amma a gabanmu." Ta kira Malama Ilham a Malali, ta faɗa mata abin da ya faru a taƙaice, ta miƙa wa yarinyar wayar.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Wa zai kalli wannan bidiyon?"

"Kaka Husaina."

"Me kike so ta sani?"

"Cewa Kaka tana da rai."

"To me za ta fara gani?"

"Fuskarta. Da kalarta."

"Wane sauti za ki sa?"

Yarinyar ta ce, "Ba zan sa komai ba. Muryarta kawai. Zan ƙara mata ƙarfi, don ba ta ji sosai."

"Madalla. Yi maza."

Hajiya Umaima ta zura takalmi ta je ta roƙi masu markaɗe suka kashe inji. Yarinyar ta matso kusa da Kaka, ta riƙe waya da hannu biyu.

Kaka ta dubi wayar ta ɗaga murya. "Husaina, kalle ni da kyau. Yau Asabar. Ga 'yan gaisuwata nan zaune, ni ce ma zan ba su abinci. Ki sha maganinki yanzun nan. Kuma in kin san hannu rabbana kika taho, ba ƙuli-ƙuli, to ki juya!"

Matan suka tuntsire da dariya, Kaka ma ta dara. Hannun yarinyar ya yi rawa. Wannan karon ba ta yanke wurin ba. Farkon kawai ta cire, inda Kaka ke gyara ɗankwali, don fuska da murya su fara zuwa. Ta ƙara ƙarfin muryar. Ta nuna wa Baba, ta nuna wa Mama, ta nuna wa Kaka.

Baba ya ce, "Tura."

Saƙo ya yi ta juyawa, ya ƙi tafiya. Mama na ta addu'a a hankali. Yarinyar ta ƙura wa waya ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Can dai ya wuce.

Jim kaɗan Baffa Rabe ya kira, muryarsa wasai. "Alhamdu lillahi! Ta kalla har ta sa na maimaita mata. Ta sha magani, ta sha ruwa. Yanzu faɗa take yi min, wai in tsaya a Zariya a nemo ƙuli-ƙuli."

Gidan ya kaure da hamdala. Baba ya tura sabon bidiyon guruf ɗin dangi, ya ba kowa haƙuri.

Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Kaka Husaina ta shigo da sandarta. 'Yan biyun suka rungume juna, suna kuka suna dariya. Kaka Husaina ta riƙa shafa fuskar 'yar uwarta, kamar har yanzu tana so ta tabbatar.

Da suka zauna ta ce, "Ina mai kashe mutane da waya?"

Yarinyar ta rarrafo ta durƙusa. "Ni ce, Kaka. Ki yafe mini. Ban yi ƙarya ba, amma na sa kin ga abin da ba haka yake ba."

Kaka Husaina ta kama kunnenta ta ɗan ja. "Na yafe. Da ba don ke ba ma, da sai bayan Sallah zan zo. Amma kada ki ƙara."

Mama ta jawo 'yarta jikinta ta ce, "Kin ga, sauti magana ne. Kala magana ce. Abin da kika yanke ma magana ne. Kafin ki tura abu, ki tambayi kanki abin da mai kallo zai fahimta, ba abin da ke kika nufa ba. Sannan ki yi haƙuri ki nuna wa babba tukuna."

"Na ji, Mama. In sha Allahu ba zan sake ba."

Daga ranar, yarinyar ba ta daina tace bidiyo ba. Ta ma ƙara ƙwarewa. Sai dai ba ta ƙara tura ko ɗaya ba sai wani babba ya kalla, ya faɗa mata abin da ya gane.