Saƙon Karkade a Allon Rahaf

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan matana...

Ta zo, mu sha ta da shayi!

Wayar ta suɓuce daga hannun Tasnim ta daki siminti, ko kallonta ba ta yi ba. Hoton ya riga ya zauna mata a ido: allon kwamfuta, a tsakiyarsa ɗan akwatin saƙo mai koren gefe, irin wanda ita da hannunta ta zana. A ciki an rubuta:

"Karkadena, ki shirya. Ranar Juma'a manyana za su zo gidanku."

A ƙasa kuma Rahaf, wadda ta tura hoton zauren hirarsu na 'yan mata a waya, ta ƙara da cewa, "Ku taya ni da addu'a..."

"Karkadena!" Muryar Tasnim ta tsage. "Haboba, sunana ne! Sunana ya ɗauka ya ba wata!"

Haboba Kande, kakarta, tana zaune a tsakar gidansu na Kalakla tana soya ƙwayar gahawa. Ba ta fasa juya kaskon ba.

"Ni Tasnim na ji an raɗa miki a ranar suna. Yaushe kika koma zoɓo?"

"Haboba, ba wasa nake ba!"

To, bari in gaya muku yadda abin yake. Tasnim da Muntasir sana'arsu ɗaya, rubuta manhajar kwamfuta. Suna da ɗan ɗaki a saman wani shago a Suk Arabi, a tsakiyar Khartum, teburi biyu da fanka mai ƙara. A nan ya sa mata Karkade, wai farkonta tsami, zaƙin sai daga baya. Kowa ya san suna son juna, sai dai mahaifinta, Malam Ibrahim Khalil, ya ƙi. Shi jikan mahajjata ne, gidan karatu. Muntasir kuwa kakanninsa auduga suka tsinta a Jazira, ubansa yana ƙona bulo a Aljirif.

Sai ga aiki daga Umdurman. Hajj Rashid, mai kantin magani kusa da kasuwa, ya ce su yi masa manhajar sayarwa. Suka yi, suka saka. Tun daga nan 'yarsa Rahaf, wadda ke zama a kan teburin ciniki, ba ta bar wayar Muntasir ta huta ba.

"Ya Muntasir, ta sake yankewa..."

"Ya Muntasir, ta ce ba ta ga rumbun bayanai ba..."

Shi kuma sai ya saɓa jaka ya haye gada. Ya je ya tarar komai lafiya, ya sha shayi, ya dawo yana ƙamshin turaren wuta. Haushi ya sa Tasnim ta ɗauke ƙafa daga ofis, ta ce kanta ke ciwo, ko buɗe aikin ba ta ƙara yi ba.

Suna cikin haka Malam ya shigo, fuska a ɗaure. Hoton ya kai masa ta hannun wata ƙanwarsa.

"Tasnim, yaron nan ya zo mini da kawunsa. Suka yi ta roƙona har na sauko, na ce su turo manya ranar Juma'a. Ya ce in ɓoye miki, shi zai gaya miki ta hanyarsa." Ya girgiza kai. "Ashe gida biyu ya yi wa alkawarin rana ɗaya. Na aika masa kada ya tako ƙofata. Halas, magana ta ƙare!"

Ya juya ya fita.

Baba ya amince... kuma a lokaci guda an fasa! Tasnim ta durƙushe a gefen kaskon Haboba, kuka ya ƙwace mata.

Wayar ta yi ƙara a ƙasa. Muntasir ne.

"Karkadena, ki saurare ni..."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan! Ka riga ka yi kyauta da shi."

"Wallahi ke na rubuta wa! Na ɓoye shi a manhajar don ki gani in kin shiga da sunanki. Sai na manta na kai wannan kwafin Umdurman."

"To ya aka yi ya fito mata, in da sunana ka ɗaure shi?"

"Ban sani ba... Na gwada, na sake gwadawa. A kwamfutata ba ya yi."

Ta yi wata dariya mai ɗaci.

"A kwamfutata ba ya yi! Muntasir, wannan ai ita muke gaya wa masu ba mu aiki in mun rasa ta cewa. Ni za ka gaya wa?"

Ta kashe.

Haboba ta zuba gahawa daga 'yar butarta ta jabana, ta tura mata ɗan finjali.

"Sha. Ke da kike cewa na'urar nan ba ta iya ƙarya, sai abin da aka rubuta mata?"

"Ba ta iyawa."

"To me kike yi a nan kina jiƙa mini tabarma? Je ki tambaye ta. In ya yaudare ki, ki dawo, ni zan raka ki mu zage shi har wurin bulon ubansa."

Washegari da hantsi Tasnim ta yafa tob ɗinta, lafayarta mafi kyau, ruwan goro, ta rataya jakar kwamfuta. A mota, tun daga Kalakla har suka hau gadar Farin Nilu, abu ɗaya take juyawa: kofi nawa ya sha a hannun yarinyar nan? Yana yi mata irin murmushin da yake yi in aiki ya tashi?

Ta tarar da Muntasir a kantin. Idanunsa sun faɗa, rigarsa ta jiya ce a jikinsa. Hajj Rashid, dattijo mai farin gemu da ƙaton rawani, ya dafa kafaɗarsa.

"Kunya ce ke damunsa," yake gaya wa wani mai saye. "Tun safe yake cewa kuskure ne. Wane kuskure, ya waladi, ɗana? Matata har ta yi maganar rago!"

Rahaf tana bayan tebur, hannuwa sun sha sabon lalle. Kyakkyawa ce, gaskiya, kuma hakan ya fi komai ƙona ran Tasnim.

"Ahlan, Tasnim," ta ce da murya mai zaƙi. "Kin zo taya mu murna?"

"Na zo aiki. Matsa."

"Karka..." Muntasir ya fara.

"Kai kuma yi shiru. Ammu Rashid, baffana, ka ba ni izini in duba manhajar?"

"Tafaddali, bismillah, 'yata."

Ta zauna ta buɗe cikin rubutun. Ta duba tagar ciniki, inda Rahaf ke aiki. In ya rubuta mata saƙo, a nan zai ɓoye shi. Babu. Ta duba tagar lissafin magunguna. Babu. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi, ta kuma ji haushin kanta da ta yi sanyin.

Su masu wannan sana'a, 'yan matana, suna da gado irin nasu. Ba sa zana kowace taga daga farko. Sai su yi guda ɗaya su kira ta uwa, su ba ta launi da maɓallai da ɗabi'u, sauran tagogin duk su gaje ta. Abin da ka sa wa uwa, 'ya'ya sun ɗauka, ko ka so ko ba ka so ba.

Can ta gan shi. A cikin uwar taga.

"A uwa ka sa shi?" ta ce, ba ta ɗago ba. "A uwa, Muntasir?"

"Don ki gan shi ko wace taga kika fara buɗewa..."

Ta bi layukan da yatsa. Ya rubuta cewa a tambayi rumbun bayanai sunan wanda ya shiga. In Tasnim ce, a nuna saƙo. In wani ne, a wuce. Daidai ne. To ta ina ya tsallake?

Sai idonta ya sauka a kan wani ɗan layi a sama, wanda ba ta lura da shi ba da farko.

In rumbu bai amsa ba, in ba a san wanda ke zaune ba, a ɗauka Tasnim ce.

Yatsanta ya tsaya. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta yi saurin ƙifta ido, don ba a gaban Rahaf za ta yi hawaye ba.

"Ammu Rashid, zo ka zauna. Shiga da sunanka."

Dattijon ya gyara jallabiya ya zauna, ya danna da yatsa ɗaya. Taga ta buɗe lafiya.

Rumbun bayanan yana cikin babbar kwamfuta a ɗakin baya, kebul ne mai shuɗi ya haɗa su, ya bi ta ƙarƙashin tebur. Tasnim ta sunkuya ta zare shi.

"Yanzu buɗe tagar ciniki."

Ya danna. Akwati mai koren gefe ya faɗo tsakiyar allo.

Hajj Rashid ya ɗora tabarau, ya karanta a fili, a hankali.

"Karkadena... ki shirya..." Ya ɗago ya kalli Muntasir. "Ya zol, bawan Allah, ni ma?"

Masu sayen magani suka fashe da dariya.

"Buɗe ta magunguna," in ji Tasnim.

Ya buɗe. Karkadena.

"Ta masu kawo kaya."

Karkadena.

"La ilaha illallah! Yaron nan duk kantin yake nema da aure, har da kwalaben tari!"

Tasnim ta mayar da kebul, saƙon bai ƙara fitowa ba. Ta yi masa bayani dalla-dalla: in haɗi ya yanke, manhajar ba ta san kowa ba, sai ta ɗauka Tasnim ce a zaune.

Dariyar ta bar fuskar dattijon. Ya shafa gemu.

"To amma me ke yanke shi? Tun da na sa sola, wuta ba ta ɗauke mana a nan. Kuma ni bai taɓa yanke mini ba, sai in Rahaf ce a kai."



Tasnim ta kalli ƙarƙashin tebur. Bakin kebul ɗin ya goge saboda yawan cirewa, daidai inda ƙafar mai zama take kaiwa. Ta ɗago ta kalli Rahaf. Yarinyar ta dunƙule hannuwan lallenta.

Kalma ɗaya ta isa, a gaban ubanta da rabin kasuwa. Wallahi sai da ta zo wa Tasnim har bakin harshe, kuma tana da daɗi.

"Kebul ɗin ne ya saki, Ammu," ta ce. "A ba ni ƙusa da guduma."

Ta hau kujera da tob ɗinta, ta bi da shi ta saman bango, ta kafe shi can kusa da silin. Da ta sauko, ta raɓa kusa da kunnen Rahaf.

"Na ɗaga shi, habibti. Ƙafarki ba za ta ƙara kaiwa ba. Ki goge hoton, ki gaya musu gaskiyar mai shi."

Rahaf ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan lallen.

Hajj Rashid ba yaro ba ne. Ya dubi 'yarsa, ya dubi bangon. Sai ya ɗauki sandarsa.

"Malam Ibrahim Khalil na Kalakla ko? Da ƙafata zan je in gaya masa abin da na gani."

A waje rana ta take. Tasnim tana tafiya da sauri, Muntasir yana bin ta tsakanin rakshoshi, kekunan nan masu ƙafa uku.

"Tasnim, tsaya mana..."

Ta juyo.

"Shayi nawa ka sha a hannunta?"

"Ban ƙirga ba."

"Ba ka ƙirga ba!"

"Sukari take cikawa. Ni kuma kin san na saba da tsami."

Ta harare shi, amma bakinta ya ƙi ba ta haɗin kai.

"Wancan layin... me ya sa ka sa sunana? Kowa fili yake bari a wurin."

Ya sosa ƙeya.

"Don gwaji na sa, na ce zan cire. In aka ce in rubuta suna, hannuna ba ya kawo wani."

Ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta.

"Aikin banza ne. Yau za ka cire shi daga uwar, kuma in rumbu bai amsa ba, a ce bai amsa ba."

"To."

"Kuma daga yau duk kiran Umdurman ni zan riƙa zuwa."

"To, Karkadena."

Wannan karon ba ta hana shi ba.

Malam ya saurari Hajj Rashid har ƙarshe, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce yaron da ya nemi auren dattijo mai gemu saboda Tasnim ya cancanci a buɗe masa ƙofa. Ranar Juma'a manyan Aljirif suka zo Kalakla, Haboba Kande ta dafa musu gahawa. An ɗaura auren bayan babbar salla. Ragon da matar Hajj Rashid ta yi magana, shi aka aiko gudummawa. Rahaf ta goge hoton, daga baya ta auri wani malamin makaranta a Bahri. Tasnim da Muntasir suna nan da teburinsu biyu, kuma kebul ɗin kantin bai ƙara sakin jiki ba.

Nan ta tsaya, ku miƙo kofunan.