Takalman da Basilla Ya Ɗora a Shafi

Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara hamsin ina buɗe cikin agogo ina rufewa a layin nan, kuma har yau ban sa tabarau ba. Na binne sa'o'ina, na binne ƙannen sa'o'ina, ga ni nan daram. To a cikin duk abin da idon nan ya gani, babu wanda ya kai na Basilla, mai ɗinkin takalma da shagonsa ke kallon teburina.

Basilla gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Idan ya kalli ƙafarka sau ɗaya, ya gama awo. Ciniki ne dai babu. Takalma su yi wata shida a kan kanta, fatar ta bushe, ya sauke ya shafa mai ya mayar. Yana da mata, da ƙani da ake kira Dogo wanda suke aikin tare, da 'ya ɗaya tilo da yake kira Malama saboda ta gama makaranta.

Malama ce ta zauna a kan bencin shagon wata safiya ta karɓi wayarsa.

"Baba, shafi zan buɗe maka a intanet. Wane suna za a sa?"

"Sunan me? Duk layin nan wa bai san ni ba?"

"Layin nan ai sun gama sayen nasu tun ina goye. Mutanen waje muke nema."

Ta rubuta sunan shago, ta sa lambar waya da kwatancen wuri, ta goge takalma uku ta jera a inda haske ke shigowa ta ɗauka. Ta koya masa inda zai danna. Wata uku cur, mabiya goma sha tara, a ciki har da matarsa da Dogo da ita Malamar. A bakin layi kuwa akwai wani mai sayar da takalman roba na kwali, wanda bai san yadda ake zura zare a allura ba, amma kullum masu babur na tsaye a ƙofarsa suna ɗaukar oda. Basilla ya kalli wancan, ya kalli hannuwansa, zuciyarsa ta yi baƙi.

Wani direba da ya kawo gyaran takalmi ne ya yi masa kwatancen boka.

Da tsakar rana ya je. Bayan wani tsohon sito ne da aka daina amfani da shi, ɗaki ɗaya mara taga. Rana na dukan kwano a waje, amma yana sa ƙafa ciki sanyi ya kama shi har ƙashi. Warin jini da ya kwana ya cika wurin. An lulluɓe bango da jan ƙyalle, ƙahoni na rataye a igiya, kuma a tsakar ɗakin akwai tukunya baƙa cike da ruwa, wasu abubuwa farare na yawo a kai. Sai da idonsa ya saba da duhun ya gane idanun dabbobi ne, duk sun juyo suna kallon ƙofa.

Bokan ɗan siririn mutum ne, muryarsa a ƙasa. Bai amsa gaisuwa ba.

"Mai fata. Me kake so?"

"Ciniki."

"Ciniki ba a ba da shi. Ido ake bayarwa. Idan ido ya sauka a kan abu ya kasa tashi, hannu zai shiga aljihu da kansa. Ido nawa kake so?"

Basilla ya ce, "Iya wanda ake samu."

"Ba ka san yawansu ba, shi ya sa ka faɗi haka. Kawo wayar."

Ya naɗe ta a jan ƙyalle, ya tsoma ta cikin tukunyar har wuyan hannu. Basilla ya yunƙura, don wayar ita ke nan gare shi. Boka ya ɗaga yatsa ɗaya, Basilla ya koma ya zauna. Bokan ya yi ta magana da ruwan da wani harshe mai kama da tari. Idanun nan suka taru a jikin hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zaro wayar a bushe take, sai dai ta yi ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi.

"Me zan bayar?" in ji Basilla.

"Ni ba na karɓa. Su ne ke karɓa. Duk Alhamis kafin rana ta faɗi, ka ɗora sabon hoto. Kada ka tsallake ko ɗaya."

"Shi ke nan?"

"Kuma duk abin da ya shiga hoton, ya fita daga hannunka."

Basilla ya yi dariya, karo na farko tun shigowarsa. "Ai abin da ya kawo ni ke nan. Su fita. Na gaji da ganinsu a kanta."

Boka ya dube shi ya daɗe. "Ka ji da kunnenka dai."

"Na ji."

"To tashi. Kada ka waiwaya sai ka ga kwalta."

Alhamis ta farko ya ɗora takalmi baƙi a kan benci. Kafin ya ajiye wayar ta fara ƙara, ba ta yi shiru ba har batir ya mutu. Cikin wata ɗaya kanta ta zama fayau. Ya sayi keken ɗinki na lantarki, ya fasa bango ya haɗe shagon kusa, ya sa gilashi a gaba. Masu babur suka bar bakin layi suka dawo ƙofarsa, har suna tare mini haske. Bencin da ake ɗaukar hoto a kai ya rabe biyu da kansa wata rana, suka ce tsufa ne. Kyanwar shagon da jelarta ta fito a gefen wani hoto, ba a sake ganinta ba. Wa zai tsaya neman kyanwa ana wannan ciniki?

Sai masu saye suka fara rubuto abu ɗaya a ƙarƙashin hotuna: a sa a ƙafa mu gani. Haka sana'ar take, takalmi a ajiye gawa ne, sai an taka shi yake nuna kyansa.

"Yaya, kawo in sa," in ji Dogo. "Wannan ƙafar tawa ai asara ce a ce duniya ba ta gan ta ba."

"Ƙafar da ta yi kama da faranti?"

"Farantin ne zai sayar maka."

Ya wanke ƙafa, ya shafa mai, ya naɗe wando. Basilla ya ɗauka ya ɗora. Ba su taɓa samun oda irin ta ranar ba. Wajen la'asar Dogo ya ajiye guduma ya ce tafin ƙafarsa na zafi, zai ɗan zaga ya dawo. Bai dawo ba, kwana huɗu ana nema. Masu babbar mota ne suka tsinci gawarsa a gefen titi, tafiyar da ko a mota sai an yini. Ƙasan takalmin ya cinye, ƙasan ƙafar ma ya cinye. Waɗanda suka gan shi a hanya sun ce yana tafe yana kuka, yana roƙon a riƙe shi, amma duk wanda ya riƙe shi sai ya watsar da mutum.

Basilla ya yi kuka na gaske. Amma Alhamis ba ta san makoki ba. Ya ci gaba da ɗora takalma a kan tebur, sai ya ga saƙonni suna raguwa, mutane na ta tambaya ina ƙafa. A cikin ransa wani abu ya ɗan motsa, ya danne shi. Ya ce wa kansa Dogo dama yana da ciwon kai tun yana yaro.

Da ya fitar da takalman mata, matarsa ta kawo masa abincin rana shago, ta gani ta ɗauki ɗaya.

"Shekara ashirin da shida ina aurenka, ban taɓa samun irin wannan ba. Sai na waje."

"Ki ɗauka mana."

"To ɗauke ni a ciki, in nuna wa 'yan'uwana."

Ya riƙe wayar, ɗumin nan na ratsa tafin hannunsa. Ya tuna fuskar boka. Sannan ya tuna oda ɗari biyu da ke jiran a ga takalmin a ƙafa. Ni ina zaune a teburina ina kallo ta gilashi, na ga lokacin da ya durƙusa ya gyara mata maɗaurin.

Ita ba ta yi nisa ba, don sun kulle ƙofa. Ta yi ta zagaya tsakar gida, ta daina gane kowa, tana kiran sunan mutanen da ba a taɓa ji ba tana cewa su daina kallonta. Suka ɗaure ta a gado da zani. Ƙafafun suka ci gaba da tafiya a iska. Likita ya yi allura, suka ci gaba. Kwana tara, sannan suka tsaya, ita ma ta tsaya.

Ranar Laraba Basilla ya koma bayan sito.

"Na zo a rufe shafin."

"Wa ya ce maka ana rufewa?"

"Na goge shafin sau uku. Ina ajiye wayar yake dawowa."

"Zai dawo."

"To zan koma ɗora takalmi kawai."

"Sun ɗanɗana ƙafa. Ba za su koma kan fata ba." Boka ya juya ruwan tukunya da yatsa. "Idan gobe ta wuce ba ka ba su ba, za su shiga gidanka su zaɓa. Mutum nawa suka rage maka?"

Basilla ya ce, "Yarinyar nan ba ta san komai ba."

"Dogo ya sani? Matarka ta sani?"

"Ka faɗa mini abin da zan yi. Ko me ne ne."

"Hanya biyu ce. Ka samo ƙafar wani duk mako, ka ci gaba da cin arzikinka. Ko ka ba su taka. Mai shafi idan ya shiga hoto, shafi ya mutu da shi."

Kada ku ɗauka ta biyun ya fara zaɓa. Da safiyar Alhamis ya tsallako titi da takalmi sabo a leda, ya ajiye a kan teburina.

"Baba mai agogo, kyauta ce. Ka sa kawai in ɗauki hoto."

Na kalli takalmin, na kalli idonsa. Na ce, "Basilla, silifas ɗin nan nawa ya binne mutane da yawa, kuma bai gaji ba. Ɗauki kayanka." Ni ba a yi mini irin wannan. Ya ɗauki ledarsa ya koma.

Ya zauna a shago har rana ta karkata. Ya sallami ma'aikata. Ya zaɓi takalmin da ya fi kowanne kyau a cikin abin da hannunsa ya taɓa ɗinkawa, ya sa. Ya gwada ɗaukar hoton da kansa, duk ya fito dishi-dishi, wayar ta ƙi karɓa. Inuwa ta kai tsakiyar titi. Dole ya kira Malama, wadda ke ciki tana naɗe oda a takarda.

"Zo ki ɗauke ni. Ki tsaya can nesa. Ƙafata kawai, kin ji? Kada ko yatsanki ya fito."

"Yau kuma kai ne ɗan kwalisar, Baba?" Tun rasuwar uwarta bai ji ta yi wasa ba sai ranar.

"Ɗauka dai."

Ta ja baya, ta ɗauka, ta ɗora. Ya ce ta zo ta zauna kusa da shi. Ya gaya mata inda takardun shago suke, ya ce ta sayar da komai ta koma wurin gwaggonta, kuma kada ta sake taɓa wayar nan. Tana tambayarsa lafiya, wayar ta fara ƙara a cinyarta. Ta duba, ta yi murmushi.

"Baba, naka bai samu shiga ba. Kowa cewa yake na cikin madubi yake so."

"Wane madubi?"

Ta miƙa masa. A kowane shagon takalma akwai ɗan gajeren madubi da ake jinginawa a ƙasa, don mai saye ya ga ƙafarsa. Kullum yana nan, har ido ya daina ganinsa. A gefen hoton, bayan dunduniyar Basilla, ga madubin, ga ƙafafun Malama biyu a ciki, cikin takalmin da ya ɗinka mata da hannunsa.

Ya danna gogewa. Ya sake dannawa. Ya buga wayar da ƙasa, ya ɗauki guduma ya farfasa ta, tana ta ƙara a farfashen.

Malama ta miƙe tsaye. Ta dubi ƙafafunta da mamaki.

"Baba, ba ni na tashi ba."

Ya rungume ta ta baya, ta ja shi har ƙofa kamar ba ta ɗauki komai ba. Gilashi ya fashe. A kan titi ta juya gabas, tana kiransa, tana miƙo hannu baya. Ya bi ta da gudu, taku goma, sha biyar, har yatsunsa sun taɓa mayafinta. Nan nasa ƙafafun suka tsaya cak. Suka juya shi yamma.

Duk layin nan mun gani. Yana tafiya wuyansa a murɗe yana kallon baya, tana tafiya wuyanta a murɗe, suna kiran juna, har muryoyin suka daina haɗuwa. Maza shida suka riƙe ta, ta zubar da su. Shi ba wanda ya ko gwada.

Shagon yana nan a rufe, ba wanda ya yarda ya kama haya.

Ku masu waya a hannu, ku buɗe shafinku, ku ɗora kayanku, ba laifi ba ne. Idan mutum goma sha tara ne suka gani, ku gode wa Allah ku yi musu aiki mai kyau, gobe su zama ashirin. Amma duk wanda ya ce zai tara muku idon duniya a yini ɗaya kuma ba ya son ko sisi, ku tashi ku bar masa ɗakinsa. Abin da zai karɓa yana gidanku yana jiran ku dawo a ci abinci, kuma ba ku ne za ku zaɓa ba.