Tsirkiyar Da Aka Sassauta

An kori Bahaguwa daga ƙungiyar kiɗan kawunta ne bisa laifin sassauta tsirkiyoyin jita, kuma ta sassauta ɗin, a nan ba a yi mata ƙarya ba. Ƙaryar tana wajen dalili. Suka ce hassada ce ta sa ta, alhali ran ɗan'uwanta take tarewa.

Marainiya ce. Uwarta ta rasu tana goye, ubanta kuma, wanda ke kaɗa jita a otal-otal, ya bi bayanta yarinyar ba ta gama wayo ba. Abin da ya bar mata a duniya jita ce ja ta lantarki, wadda ya juya mata tsirkiyoyinta da hannunsa saboda da hagu take komai, daga nan ma sunan Bahaguwa ya bi ta. Kawu, yayan uwarta, ya ɗauke ta ya ajiye a wani ƙuntataccen ɗaki bayan garejin gidansa, ba don tausayi ya kashe shi ba, sai don ya ji yadda yatsunta ke gudu. Yana da ɗa mai murya, wanda mutane ke kira Zakara saboda in ya ɗaga waƙa sama sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. A garejin nan aka haɗa ƙungiya: Zakara a makirufo, Dogo a ganguna, wani yaron maƙwabta a babbar jita mai kaurin sauti, Bahaguwa a jitar gaba, Kawu kuma manaja. Suka yi faifai, waƙoƙinsu suka shiga rediyo, 'yanmata suka haddace. Fuskar Zakara ce a kowace fasta. Ita kuwa wani lokaci akan ga gefen hannunta a ƙarshen hoto, har Dogo yakan tsokane ta ya ce, “Ƙanwata, gwiwar hannunki ta yi suna, saura ke.” Sai ta yi dariya ta ci gaba da aikinta, don bayan kiɗa ita ke naɗe wayoyi, ita ke goge kaya, ita ke ɗaure tsirkiyoyin jitocin duka kafin a hau dandamali, aikin da kowa ke gudu.

Wata safiya tana canza tsirkiya Zakara ya shigo ɗakinta ya mayar da ƙofa. Bai taɓa taka ɗakin ba. Ya zauna a bakin katifa, ƙaton saurayi, hawaye na zuba.

“Yaya, lafiya? Wa ya mutu?”

“Ni ne zan mutu,” ya ce. “Likita ya duba maƙogwarona, ya ce akwai tsiro. Ya ce in na ci gaba da hawa saman nan da nake yi, wata rana zan hau ban sauko da murya ba. In kamfani ya ji, sun yar da mu. In Baba ya ji... kin san Baba. Ki rufa mini asiri, ƙanwata, ba ni da kowa sai ke.”

Wannan ce rana ta farko da ya kira ta ƙanwa ba a gaban 'yan jarida ba, kuma kalmar ta shige ta har ƙashi. Tana murza kunnen jita, sai dabara ta zo mata. In ta sassauta kowace tsirkiya kaɗan, tata da ta mai babbar jita, yatsu za su sauka inda suka saba, waƙa ba za ta canza kama ba, amma sautin gaba ɗaya zai yi ƙasa, muryarsa ta samu wurin numfashi. Ganguna ba ruwansu. Masu kallo suna ihu, wa zai lura? Ya kama hannunta ya ce ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, ko Kakarsu. Ta rantse. Haka ta riƙa yi shekara da shekaru, in ta ji muryar ta ƙara gajiya ta ƙara sassautawa, yana tsaye a gaba ana yi masa tafi, ita tana baya tana kallon jijiyar wuyansa tana addu'a a zuci.

Abin ya fashe ne a gidan talbijin. An gayyace su wani shiri na rana da ake nunawa kai tsaye, kamfani kuma, don a burge, ya turo mai fiyano ba tare da an gaya wa kowa ba sai Kawu. Mutumin ya makara, ya shigo ana ƙirga fara shiri, ya zauna. Fiyano kuwa ba ta san sassauci ba, inda waƙar take a faifai nan ya danna. Dogo ya buga, jita ta shiga ta ƙasa, fiyano ta shiga ta sama, sautin ya haɗu kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Zakara ya buɗe baki bai san wa zai bi ba, ya bi wannan ya bi wancan, muryar ta karye a gaban duk mai kallo. Aka yanke shirin aka sa talla.

A ɗakin baya mai fiyano ya ɗauki jitar ya gwada da 'yar na'urarsa ta auna sauti, ya gwada babbar. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba kuskure ba ne. Duk tsirkiyoyin an sauke su daidai wa daida. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi.”

Kawu ya juyo a hankali. “Wa ke ɗaure kayan nan?”

“Ni ce, Kawu.”

“Don me?”

Ta dubi Zakara. Kalma ɗaya ta bakinsa ta isa. Yana zaune da tawul a wuya, idonsa a ƙasa, ga wakilin kamfani tsaye a bakin ƙofa yana saurare. Ya ɗago ya ce, “Baba, na daɗe ina jin kiɗan ba daidai ba, na yi shiru ne don zumunci. Ta sha gaya mini ita ce ke aikin, ni nake cin suna.”

“Yaya,” ta ce, “ka ji tsoron Allah. Yaya, dube ni.” Bai dube ta ba. Rantsuwar tana bakinta kamar garwashi, in ta tofar ta tsira, amma ta san a take kamfani zai yar da shi, kuma da sunan Allah ta rantse. Ta haɗiye.

Kafin yamma kayanta suna waje a cikin buhu. Kawu ya riƙe jar jitar ya ce kayan ƙungiya ce. Ta durƙusa a tsakar gida ta kama ƙafarsa tana kuka, “Kawu, ta babana ce, ita kaɗai ya bar mini. Ba wanda zai iya kaɗa ta ma, ta hagu ce.” Ya fizge ƙafarsa ya ce, “To a rataye ta a bango. Abincin da kika ci a gidan nan da me za ki biya? Butulu, irin ubanki.” Washegari jaridu suka ɗauka. Wata ta ce hassada, wata ta ce ƙwaya take sha, wata ta ce kunnenta ya mutu. Duk ƙungiyar da ta je neman aiki sai a yi mata murmushi a ce, “A'a, 'yar'uwa, mu tsirkiyarmu a ɗaure muke son ta.” Mai gyaran lasifikar da ya yi shekara yana cewa zai aure ta ya daina ɗaga wayarta.

Kaka ce ta karɓe ta, a ɗaki ɗaya na haya a saman wani shagon taya, ɗakin da in an shimfiɗa katifa biyu ƙofa ba ta buɗuwa sosai. Tsohuwar ba ta gani da kyau, amma bakinta lafiya lau. “Shigo, mai hannun banza,” ta ce. “Tun kina rarrafe nake bugun hagun nan ya ƙi ji. Amma ni na san ki, ko kaza ba ki iya cuta ba. Me ya faru?”

“Kaka, na rantse ba zan faɗa ba.”

“To kar ki faɗa. Wanda kika rantse da shi ai yana nan, ya ji.”

Ta samu aiki a wani gidan wanki. Wanda bai san jita ba ba zai gane girman wannan masifa ba. Makaɗi da kantar yatsunsa yake cin abinci, taurin fatar nan da aka yi shekaru ana tarawa, ruwan zafi da sabulu kuwa suka cinye tata cikin 'yan makonni. Dogo ya kawo mata aron wata tsohuwar jitar katako a ɓoye, ta juya tsirkiyoyin, amma ranar da ta danna sai fatar ta tsage, jini ya bi wuyan jitar. Ta zauna ta zuba wa yatsunta ido tana kuka marar sauti don kada Kaka ta ji. Kaka ta ji. Ta lalubo hannun ta riƙe tana tofa masa addu'a, “Ya Allah, kai ka ga marainiyar nan. Ba mu da ƙarfi, ba mu da baki. Ka bayyana gaskiyarta ko bayan raina.”

A gidan wankin akwai rediyo a kan taga, nan take jin ƙungiyar. Sun ɗauki sabon makaɗi, ƙwararre, yana kaɗa waƙoƙin daidai yadda suke a faifai. Zakara ba shi da bakin cewa a sauke masa, don in ya ce, ya wanke ta ke nan, ya tona kansa. Sai ya riƙa hawa da ƙarfin tsiya. Kowa na jin waƙa, ita tana jin maƙogwaro na yagewa. Ta kasa daurewa. Wata rana ta tashi daga aiki da rigarta jiƙe ta tafi ƙofar gidan Kawu ta tsaya har motarsu ta fito. Ta bi gefen gilashi tana bugawa, “Yaya, ka ce wa sabon makaɗin ya sauke maka. Ba sai ka ambaci sunana ba, na yafe sunan. Ka ce ya sauke!” Zakara ya kawar da kai. Kawu ya sauke gilashi ya ce wa maigadi, “In ka sake barin mahaukaciyar nan ta tsaya a nan, kai ma ka bi ta.” Maigadin ya tura ta, ta faɗa kwata, yaran unguwa suna dariya.

Ba a daɗe ba Kaka ta kwanta. Bahaguwa ta aika wa Kawu sau da yawa cewa uwarsa na jin jiki, ya ce suna yawon wasa gari-gari, in sun dawo zai leƙo. Bai leƙo ba. A kan cinyarta tsohuwar ta cika, da hantsi, ana ta bugun taya a ƙasa. Wajen zaman makoki Kawu ya hana ta zama cikin dangi, ya ce baƙin cikinta ne ya kashe masa uwa. Ta koma ɗakin ita kaɗai, ta naɗe katifa ɗaya, ƙofa ta buɗu sosai, ta tsaya tana kallon wurin har hawayenta ya ƙafe.

Tana matse zanen gado a wurin aiki Dogo ya shigo ba sallama, idonsa ja. Ya ce, “Ajiye wankin nan, ƙanwata.” Ya gaya mata jiya da yamma a babban zaure, a waƙar nan mai hawa, Zakara ya ɗaga sai sauti ya ɗauke, ya durƙusa yana tari, jini a makirufo. Aka kwashe shi asibiti. Likitan da ya fito, shi ne dai na da, bai san akwai wani asiri ba, ya rufe Kawu da faɗa a gaban Dogo da wakilin kamfani. Ya ce tun shekarun baya ya gargaɗi yaron, kuma yaron da bakinsa ya gaya masa ƙanwarsa tana sauke masa kiɗa, shi ya sa ma muryar ta kai wannan lokaci. Wane marar imani ne ya mayar da kiɗan sama?

“Kawunki ya zauna a ƙasa, a kan tayil,” in ji Dogo. “Ni kuwa daga nan gidan rediyo na wuce. Ni ban rantse wa kowa ba.”

Bahaguwa ta sulale ta zauna a kan bokiti. Ba ta yi murna ba. Ta ce, “Dogo, ya muryar?” Ya girgiza kai. Ta rufe fuska da jiƙaƙƙun hannuwanta. “Da Kaka ta ƙara kwana kaɗan...” Sauran maganar kuka ya cinye.

'Yan jaridar da suka zage ta su suka riƙa hawa matattakalar shagon taya suna neman ta. Kamfani ya soke yarjejeniya da Kawu saboda ɓoye cuta da ƙazafi, masu zauren da aka fasa wa wasa suka kai shi kotu, gidan da garejin suka tafi. Aka kira ta aka ce ta haɗa ƙungiyarta, ta ɗauki Dogo, ta yi watanni tana danna tsirkiya da yatsu masu jini har kantar yatsun ta dawo. Ranar da ta fara hawa dandamali da ƙungiyarta, mutane suka miƙe tsaye tun ba ta taɓa jita ba.

Wata rana suna gwaji aka ce tana da baƙo. Zakara ne, ya rame, da ƙyalle naɗe a wuyansa inda aka yi aiki. Dogo ya ajiye sandunansa zai tashi, ta ɗaga masa hannu. Zakara ya zo gabanta ya durƙusa, ya buɗe baki. Leɓɓansa suka motsa, jijiyar wuyansa ta tashi, iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa, hawaye na gangarowa cikin ƙyallen.

“Tashi, Yaya,” ta ce tana kuka. “Na ji. Na yafe.”

Ba ta ji komai ba, ba kuma wanda ya sake jin komai daga bakinsa. Yanzu yana wani shagon gyaran rediyo yana miƙa wa mai shagon kayan aiki. In an gyara rediyo aka kunna don gwaji, wani lokaci tsohuwar waƙarsa ce ke fitowa, mai kayan ya ce, “Allah sarki, ko ina mutumin nan ya shiga?” Shi kuma yana tsaye a gabansa, ba shi da muryar da zai ce ga ni.