Ki Sayar da Ita, Likita

"Ka kalli idona ka maimaita!"

Bai kalle ni ba, sai ma ya juya min baya. Sifanar hannunsa yake ta gogewa da tsumma, sifanar da ko ɗigon baƙin mai babu a jikinta.

"Ki sayar da ita, Likita."

"Me ka ce?"

"Motar nan ta gama yayinta. Ki karɓi musayar da Dillali ya yi miki tayi, ki huta."

Wallahi da wani ne ya faɗa, dariya zan yi in wuce. Amma Injiniya ne fa! Bakaniken da ya shafe wata bakwai yana lallaɓa min jif ɗin nan, shi ya laƙaba mata suna Tsohuwa, in na kawo ta gareji ita yake fara gaisarwa kafin ni. Ni kuma in faɗi gaskiya, wata biyar cikin bakwan nan ba gyara kaɗai ke kawo ni ba. Ya sani, na kuma san ya sani.

"Shi ke nan abin da za ka ce min?"

"Shi ke nan."

Na fizgi jakata na fice, na bar masa motar da makullinta. Ban yarda hawaye ya zubo ba sai da na sha kwana.

Ni likitar dabbobi ce, kuma aikina ba na zaman ofis ba ne. Yana can bayan rafi inda kwalta ta ƙare, wurin makiyayan da in saniya ta kasa haihuwa ba su da wanda za su kira sai ni. Don haka na sayi Tsohuwa a gwanjo, na kuwa saye ta da ciwonta: lagireto na yoyo, ƙofar baya da igiya nake ɗaure ta, hayaƙinta kuwa maƙwabta sun gaji da magana. Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar, tayoyinta na gaba sun daina ja. Motar da aka yi don ta ja da taya huɗu ta koma ja da biyu, makon jiya kuma ta kafe min a tsakiyar yashin rafi. Na saɓi jakar magani na taka da ƙafa, kafin in isa maraƙin ya mutu a cikin uwarsa. Da ƙyar na ceto saniyar.

Tun daga ranar, a gidanmu ba a yin wata magana sai ta motar.

Ina shiga na tarar da wata 'yar jar mota a ƙofar gida, sai ƙyalli take yi. Ƙamshin turare ya sanar da ni mai ita tun daga soro. Dillali ne, abokin Yayana, mai saye da sayar da motoci, wanda ya fara zuwa don jif ya ƙare da kawo wa Umma tsaraba duk mako.

"Gimbiya! Sannu da dawowa. Kin ga amaryar taki a waje?"

"Na ga mota."

"Mota? Haba! Ai wannan ita ta dace da mace irinki. Waccan kuwa na duba ta da kaina, shasinta, ƙarfen ƙasan da ke ɗauke da ita, tsatsa ta cinye, wata rana rabewa biyu za ta yi da ke a ciki. Don ke ce kawai zan karɓe ta."

Umma ta dafe ƙirji. "Kin ji ko? Ni dai ba zan zauna ina jiran mugun labari ba. Ki rabu da akwalar nan!"

"Umma, jar motar nan ko kwatar ƙofar gida ba za ta tsallake ba, balle rafi. In na karɓe ta na bar aikina ke nan."

"To sai me?" in ji Yaya. "Ki nemi aikin cikin gari mana. Kuma ai ko bakaniken naki ya ce ki sayar, sai ki kawo wata hujjar."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tsaya cak.

Ban gaya wa kowa abin da Injiniya ya ce ba. Ko rabin awa ba a yi ba da faɗarsa.

Na shige ɗaki na zauna bakin gado, ina juya maganar. Nan wani abu ya faɗo min. Injiniya ba ya yanke wa mota hukunci a tsaye. Ko keken ɗinki ka kai masa sai ya leƙa ƙarƙashinsa. In mota ce, shimfiɗa kwali yake yi ya kwanta, ya bi shasin da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, taku bayan taku. Ya sha gaya min, lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji kamar ka bugi jiƙaƙƙen katako. Kullum bayan rigarsa fari fat da ƙura.

Yau kuwa da ya juya min baya, rigarsa tas take. Ke nan ko leƙa ƙarƙashinta bai yi ba.

Tabɗi! Ni za a haɗa wa baki?

Na leƙo falo da fara'ata. "Yaya, na yarda. Gobe da safe mu haɗu a gareji a yi musayar."

Dillali har da tafi.

Washegari na sa rigar aikina, wadda nake shiga garke da ita. Na tarar da su ukun a tsaye gefen Tsohuwa. Dillali na kaɗa makullin jar mota, Yaya na duba waya, Injiniya kuwa idanunsa sun yi ja, ya kasa haɗa ido da ni.

"Injiniya, ba ni 'yar gudumarka."

"Likita..."

"Guduma na ce!"

Ya miƙo min. Na jawo kwali na shimfiɗa, na kwanta na shige ƙarƙashin motar. Ina jin Yaya yana salati.

"Ke! Kina hauka ne? A gaban mutane?"

Ban kula shi ba. Na fara daga gaba, na bugi ƙarfen.

Ƙwal!

Na matsa na sake bugawa. Ƙwal! Haka na bi shi har baya, dama da hagu, ƙura na zubo min a fuska. Wuri ɗaya kawai, kusa da tayar baya, na ji sautin ya ɗan dushe, faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. Na fito ina kakkaɓe ɗankwali, na tsaya a gaban Injiniya.

"Kai ka koya min. Wace irin ƙara ka ji?"

Ya kawar da kai.

"Ni ka iya yi wa ƙarya. To ka yi wa ƙarfen ma mu ji!"

Ya sauke ajiyar zuciya. "Lafiyayye ne. Wurin bayan nan walda kaɗan yake so, aikin yini ɗaya."

"Tayoyin gaba fa?"

Ya je ya jawo aljihun teburinsa, ya ɗauko wani abu a naɗe cikin tsumma ya buɗe. Wani zoben ƙarfe ne mai haƙora, bai fi murfin kofi ba.

"Wannan ne ya karye a tsakiyar tayar hagu, shi ya hana gaban ja. Kwana uku ina yawo a kasuwar kayan gyara kafin in samo shi. Jiya na so in ba ki mamaki..."

"Sai me ya faru?"

Ya dubi Yaya. Yaya ya dubi silin.

"Sai Yaya ya zo. Ya ce duk gari an san ina riƙe ki da ruɓaɓɓiyar mota don ki riƙa zuwa, ina ci da guminki. Ya ce in da gaske ke nake so ba aikin ba, in ce ki sayar, sannan zai saurare ni."

Dillali ya yi wata 'yar dariya. "Gimbiya, kar ki biye wa surutun bakanike. Ni na san mota, wannan gawa ce."

"Gawa ce ko?"

"Wallahi gawa!"

"To madalla. Tunda gawa ce ba zan cuce ka ba. Yanzu zan kira masu yanka motoci su zo su daddatsa ta, a sayar da ƙarfen a kilo."

Na ciro waya na fara latsawa.

"A'a! A'a! Kar ki soma!" Har ya kusa fizge wayar. "Motar da masu haƙar rijiya suke jira tun wancan makon za ki yanka? Irin injin nan yanzu ko da kuɗinka ba ka..."

Ya kama bakinsa, amma ina! Ta riga ta fita.

Yaya ya juyo a hankali. "Masu haƙar rijiya? Kai da ka rantse min za ta rabe biyu da ƙanwata a ciki?"

"Abokina, ka gane, harkar kasuwa..."

"Ɗauki jar motarka ka ɓace min da gani!"

Bai ko yi sallama ba. Turarensa ne kawai ya ɗan daɗe a garejin.

Yaya ya sosa ƙeya. "Auta, ni fa tsoro na ji. Ranar da kika kafe a rafi, Umma kuka ta wuni yi."

"Na sani, Yaya. Kai tsoro ya sa ka. Shi fa?"

Na juya kan Injiniya, kuma wallahi a lokacin raina ya fi na jiya ɓaci.

"Ka san abin da motar nan take a wurina. Ka san maraƙin da ya mutu, kai na fara kira ina kuka! Amma ka zaɓi ka raba ni da aikina don yayana ya ce kai mutumin kirki ne?"

"Na yi kuskure."

"Kuskure? Da ban lura ba fa? Da yanzu ina cikin jar mota, mutanena na can suna jiran likitar da ba za ta zo ba!"

"Tsoron rasa ki ne ya rufe min ido, Likita. Tun da na faɗi maganar nan ko ruwa ya ƙi wuce min. Ki yafe min, sanyin idona..."

"Kar ka sanyin-idona ni!"

Na faɗa da ƙarfi, amma zuciyata ta riga ta karaya, don ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba bayan Likita.

"Ga sharaɗina. Ka ɗaura wannan abin, ka yi waldar, ka toshe lagireto. Jibi mu je rafi, ni zan tuƙa, Yaya a baya. In ta haye, na riƙe ta. In ta kafe, in sayar da ita da hannuna, kuma kar in ƙara ganin ƙeyarka."

"Na yarda."

"Ni me ya kai ni rafi?" in ji Yaya.

"Bakinka!"

Ranar da muka ajiye, da hantsi muka isa bakin rafin. Yashin nan shimfiɗe fari sol, ruwa na bin tsakiyarsa iya gwiwa. Injiniya ya sauka ya murza makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba don su kama ja, ya dawo ya zauna gefena.

"Sa ƙaramar giya. Kar ki ba ta wuta da yawa, kuma kome ya faru kar ki ɗaga ƙafa."

"Na ji, malam."

Muka gangara. Tsohuwa ta yi gurnani, ta shiga yashin. Daidai inda ta kafe min wancan karon na ji bayanta ya nutse!

"Innalillahi! Auta, tsaya mu sauka!" Yaya ya ƙanƙame kujera.

"Kar ki ɗaga!" in ji Injiniya.

Ban ɗaga ba. Sai na ji abin da na yi wata da watanni ban ji ba, gaban motar ya kama ƙasa ya ja. Ta fizgo kanta daga ramin, ta faɗa ruwa tana watsa shi dama da hagu, ta hau gangaren can ƙetare ko tari ba ta yi ba.

Na taka birki na kashe ta.

"Ta haye!" Na daki sitiyarin. "Wallahi ta haye! Babu mai saye, babu mai musaya, ko Umma ce ta aiko!"

Injiniya dariya yake yi, idonsa cike da ƙwalla. "Ni fa, ranki ya daɗe? An riƙe ni ko an sayar?"

"Kai gyaranka ya fi nata yawa."

"Amma zan gyaru?"

Na harare shi, murmushi ya ƙwace min. "Za a duba."

Yaya ya sauko yana goge gumi, ya zagaya motar sau ɗaya, ya daki taya da ƙafa. Sannan ya tsaya a tagar Injiniya.

"Na zalunce ka, ka yi haƙuri. Umma ni zan shawo kanta. Ka turo manyanka ranar Asabar."

Bakin Injiniya ya kasa rufuwa. "Yaya... da gaske? Allah ya saka da..."

"Dakata!" na ce. "Ku biyun nan har yanzu ba ku daddara ba? Kun sake zama kuna yanke min magana, ni ba a tambaye ni ba?"

Injiniya ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, wannan karon cikin idona yake kallo.

"Likita, kina sona? In turo?"

Na bar shi ya jira. Na gyara madubi, na gyara ɗankwali, na murza makulli Tsohuwa ta tashi.

"Asabar ina da rigakafi a ƙauye uku," na ce. "Su zo Lahadi."